Wanda Ya Goge Bayan Katin Kuchta

Mu mutanen Kessler Run jikokin mahaƙa kwal ne, kuma a shekarar 1983 babu abin da ya rage mana sai sunan. An rufe ramin haƙa, samari sun watse Texas neman aiki, ciyawa ta cinye filin besbol. Abu guda muke tinƙaho da shi. Garinmu ya taɓa fitar da ɗan wasan da aka buga hotonsa a katin taba, irin 'yan katunan nan da ba su fi tsawon yatsa ba, waɗanda ake sakawa a kwalin sigari a zamanin kakanninmu. Anton Kuchta sunansa, mai jefa ƙwallo.

Katin yana hannun 'yarsa Hanka, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas. Ba ta da wani hoton ubanta, ba ta da wasiƙarsa, ba ta san inda kabarinsa yake ba, domin zazzaɓi ya kashe shi a wani gari can kudu tana 'yar shekara bakwai. Katin nan kaɗai ya aiko mata, ya rubuta a bayansa da fensir cikin harshen Sulobak: "Hanka, ki ji maganar Mama. Zan dawo kafin ƙanƙara ta sauka."

Jikarta Bernadette, wadda muke kira Bernie, ɗalibata ce a aji shida. Uwarta ta rasu, ubanta yana Texas. Gidan kakarta kaɗai take da shi a duniya.

Da garin zai cika shekara ɗari aka shirya baje kolin tsofaffin katuna a zauren 'yan kwana-kwana. Bernie ce ta yi ta roƙon kakarta har ta ba da aron katin, aka sa shi a kabad ɗin gilashi. Ranar Asabar za a buɗe, har da wani ɗan jarida da zai zo daga Philadelphia ya ɗauki hotonsa.

Ranar Laraba da la'asar Hanka ta zo ta ga inda aka ajiye ubanta. Ina wurin, ina liƙa zanen yara a bango. Ta ce wa Caz Dombek, mai share zauren, ya juya mata katin. Caz ya ɗauko makulli daga ƙusar da kowa ya san yana rataye, ya buɗe, ya juya.

Bayan katin fes. Tambarin kamfanin taba yana nan, rubutun fensir babu ko ɗigo.

Hanka ba ta yi kuka ba. Ta dafa gilashin da hannu biyu ta ce, "Wa ya taɓa min uba?"

Kafin ka ce kwabo zauren ya cika. Wani ya nuna ɓurɓushin jar kilinar goge fensir a saman gilashin. Wata ta ce jiya ta ga Bernie a nan tana aikin gida, ta ɗora littafinta a kan kabad ɗin tana ta goge-goge. Wani kuma ya tuna yara sun yi mata dariya a makon jiya, sun ce kati mai rubutu a baya shara ne a wajen masu tarawa, har ta yi kuka.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji wani daga baya.

"Kaka, wallahi ban taɓa shi ba!" in ji Bernie. "Lissafina nake gogewa!"

Mista Wilbur Kemmerer, shugaban kwamitin bikin, tsohon mai sayar da magani, wanda ya fi kowa katuna a gundumarmu, wanda ba ya taɓa kati sai da farar safar hannu, ya girgiza kai a hankali. "Abin takaici," ya ce. "Yara ba su san darajar abu ba."

Hanka ta juya ta dubi jikarta. "Shekara saba'in na riƙe shi, ta cikin gobara da ambaliya. Ke kwana uku. Ranar Asabar za ki hau bas zuwa Cleveland wajen gwaggonki. Ba zan kwana gida ɗaya da ke ina kallon hannayen nan ba."

Shekarata talatin ina koyarwa, ban cika ɗaga murya ba. Ran nan da ƙyar na riƙe kaina. Manya ashirin a tsaye, babu wanda ya ce a dakata a duba.

*

Washegari da na tashi daga makaranta na tafi wajen Emil Strausser. Shi ne mai bin sawun barewar da maharba suka raunata ta gudu. In ka kira shi zai bi ɗigon jini da karyayyen tsinke har ya kai ka inda ta faɗi. A watan Mayu ba shi da aiki sai gyaran shinge.

"Malama, ni dabba nake bi," ya ce. "Ita ba ta ƙarya."

"Yarinyar ma ba ta ƙarya. Na san fuskarta in ta yi."

Ya ajiye guduma, ya ɗauki hularsa.

Mun tarar da Caz yana jan tsintsiya a bakin zauren.

"A'a, Sarkin Barewa!" ya ce. "Katin ƙafa ya yi ya gudu daji?"

"Ajiye tsintsiyar nan, Caz. Ka share cikin?"

"Tun Lahadi ban share ba. Kemmerer ya hana, wai ƙura za ta hau masa dukiya."

"Lalacinka ya yi rana. Wa ke ɗaukar makulli?"

"Kowa da uwarsa. Ga shi can a ƙusa."

"Kai fa?"

Caz ya jefar da tsintsiyar. "To, an zo wurin! Tun jiya matata take cewa za a juyo kaina, don ina ɗan kurɓawa. Dubi hannuna, Emil." Ya miƙa su, suna rawa kamar ganye. "Da waɗannan zan goge kati ban yaga shi ba? Maɓallin rigata ma ita take sa min."

Emil ya wuce shi ya shiga zauren. Ya sa aka buɗe kabad ɗin, ya ɗaga katin da hantsaki ya karkata shi wajen taga. Ya daɗe yana kallo.

"Malama, in yaro ya goge takarda da kilina, yaya take komawa?"

"Ta yi gashi-gashi, ta yi ja. Wani lokaci ta huje."

"Wannan sumul yake. Ko tambarin bai koɗe ba."

Ya mayar da katin. Maimakon ya miƙe sai ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙasa. Caz ya ce ko addu'a zai yi mana. Emil ya nuna da yatsa. Layin kiyashi ne siriri, ya taso daga tsagar bango, ya haye ƙafar kabad ɗin, ya shige ta kusurwa.

"Me kiyashi yake nema a cikin katunan shekara saba'in?" ya ce.

Ya bi layin har ƙarƙashin ƙyallen da aka shimfiɗa a cikin kabad ɗin. Ya ɗaga gefensa, ya tsinto wasu 'yan dunƙule guda uku kamar ƙwayar gero, launin toka. Ya murza ɗaya a kan farcensa, ya shinshina, ya naɗe sauran a hankici.

"Mene ne?" na tambaya.

"Burodi. An mulmula shi da yatsu, ya sha baƙin fensir."

*

Akwai wanda na fi so a ce shi ne, kuma ba zan ɓoye ba. Rudy Pell, dillalin katuna daga Allentown, wanda yake ciniki daga but ɗin motarsa. Sau biyu ya je gidan Hanka yana neman ta sayar masa, na biyun da tsintsiya ta raka shi. Mun same shi a gaban gidan abinci yana cin soyayyen dankali.

"An ce tsohuwar ta kore ka," in ji Emil.

"Ta kore ni, kuma kafaɗata ba ta manta ba. Don haka sai in ɓata kayan da nake mafarkin saye? Yallaɓai, da na samu makullin nan a hannuna, da katin za ku nema gaba ɗaya, ba rubutu ba."

"Ina kake Litinin da Talata?"

"Scranton, wajen gwanjo. Mutum ɗari sun ga an kayar da ni a kan wani katin alewa."

Emil ya buɗe hankicin. Rudy ya leƙa, ya daina tauna.

"Kai! Rabona da ganin wannan tun ina yaro. Tsakiyar farin burodi, sabo, mai laushi. Ka mulmula a kan fensir a hankali, ya ɗauke shi, takarda ba ta ji ba. Aikin tsofaffin hannu ne. Mu 'yan yanzu ba mu da wannan haƙurin."

"Yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta sani?"

Rudy ya yi dariya har ya ƙware. "Wa ya ce yarinya ce?"

"Gari guda," na ce.

Daga nan Emil ya nufi kantin Misis Oravec. A Kessler Run baƙin burodi ake ci, kusan kowane gida da nasa gashin. Farin na leda guda shida kawai take kawowa a mako.

"Wa ya sayi fari ranar Litinin?" ya tambaye ta.

"Emil, yanzu burodin mutane kake bi? Barewar ta ƙare?" Ta ƙirga da yatsu. "Matar fasto, don yaranta. 'Yan gidan Lesko guda biyu. Sai Wilbur Kemmerer."

"Wilbur mai ciwon suga?" na ce. "Wanda yake yi wa kowa wa'azi a kan farin burodi?"

"Shi fa. Ba kullum ba. Sai ya je ya kwaso kwalin katuna a ɗakin shirgin wani, washegari ka gan shi. Sai ya danna da yatsa ya ji ko sabo ne. Na ce masa, Wilbur, biki kake yi wa kanka a ɓoye? Ya ce tsuntsaye yake ba."

A waje na ce mu tafi gidansa yanzu. 

"A'a," in ji Emil. "A gaban jama'a aka ɗora wa yarinyar, a gabansu za a sauke."

Na biya ta gidan Hanka in roƙe ta ta zo gobe. Ta buɗe ƙofa rabi. Ta bayanta na hango akwatin tafiya a kan kujera, an riga an cika shi, Bernie na zaune a ƙasa kusa da shi.

"Malama, ki koma makarantarki," in ji Hanka.

"Zan koma, Kaka. Amma ki zo zauren gobe ƙarfe huɗu. In ba ki ga komai ba, ni da kaina zan raka ta tasha."

*

Ranar Juma'a mutane sun fi na Laraba yawa. An jera katunan Mista Kemmerer a dogon tebur, sun kai ɗari uku, kowanne a 'yar ledarsa. Hanka ta zauna a gaba da sandarta. Bernie tana tsaye kusa da ni, ta ƙi kallon kowa.

Emil ya ciro wani kati irin wanda ake sakawa a cingam ɗin yara daga aljihu, ya yi rubutu da fensir a bayansa, ya miƙa wa Bernie.

"Goge min da kilinarki. Yi a hankali iyakar iyawarki."

Ta goge. Ya ɗaga kowa ya gani. Wurin ya yi ja, ya yi gashi, rabin rubutun kamfanin ya tafi. Ya ajiye shi kusa da katin Kuchta, bayansu a sama.

"Ku zo ku duba, ku masu idon gani ran Laraba."

Suka matso, suka duba, suka ja da baya.

Ya buɗe hankicin a kan gilashin, ya faɗi yadda layin kiyashi ya kai shi ga dunƙulen, da abin da Rudy ya ce. Sannan ya ɗauko farin burodi a leda daga ƙarƙashin kujera ya ajiye a gaban Mista Kemmerer.

"Wilbur, wane irin tsuntsu kake ciyarwa?"

"Ban gane wannan wasan ba," in ji Mista Kemmerer. "Sayen burodi laifi ne?"

"Ko kusa. Katunan nan naka, daga ina?"

"Kowa ya sani. Daga gidajen garin nan. Shekara arba'in ina ceto su daga kwandon shara."

"Caz, da kuna yara kuna wasan jefa kati a jikin bango, yaya kuke gane na wane?" in ji Emil.

"Kowa ya rubuta sunansa a baya mana," in ji Caz. "In ba haka ba a daku."

"Kowa?"

"Har ɗan fasto."

"To Wilbur, juya mana naka."

Mista Kemmerer bai motsa ba. Caz ne ya taka ya fara juyawa da hannayensa masu rawa. Ɗaya, biyar, ashirin. Duk fes. Can ya tsaya a kan wani, ya ɗaga shi.

"Wannan na yayana Stash ne! Ga lanƙwasar da ya yi a ƙofar coci. Sunansa na nan a baya ranar da na ba ka, Wilbur. Stash bai dawo daga yaƙi ba. Ina sunan?"

Zauren ya ɗauki guna-guni. Mista Kemmerer ya cire gilashinsa, fuskarsa ta yi ja.

"Ku ba ku san komai ba!" ya ce. "Kuna sa su a ƙafar keke su yi ƙara, kuna ɗaure su da roba, kuna barin ɓera ya ci. Ni na tsare su! Katin Kuchta uku ne aka sani a duniya. Gobe mutum zai zo daga Philadelphia ya juya namu, ya ga ƙazanta a baya, ya rubuta cewa namu ne mafi muni a cikin ukun. Awa biyu na yi a kansa, ko gashin takarda ɗaya ban tayar ba. Ku nemo min wanda zai iya haka!"

"Ka karanta abin da ka goge?" in ji Emil.

"Ba na jin Sulobak. Ya dushe, ya karkace. Na ɗauka wani yaro ne ya yi shirmensa."

Hanka ta miƙe ba tare da sandar ba.

"Ubana ajinsa biyu a makaranta," ta ce. "Hannunsa ke nan. Da ƙyar yake rubuta sunana. Kai ɗan Kemmerer, uwarka ta sha shayi a kicin ɗina. Gidana taku nawa ne daga nan? Ba za ka iya ƙwanƙwasawa ka tambaya ba?"

"Da na tambaya za ki hana."

"Ashe ka sani."

Ni kuma abin da ke ci min rai daban ne. Na ji muryata ta fito sama da yadda na taɓa jin ta.

"Mista Kemmerer, kana tsaye a nan ran Laraba. Ka ji an ce za a sa yarinyar nan a bas. Ka buɗe baki ka ce yara ba su san darajar abu ba. Kwana biyu ka kwana da wannan. Me kake jira?"

Ya dubi Bernie, ya kawar da kai. "Na ɗauka tsohuwar za ta huce. Yarinya ce, za ta manta. Ni kuwa sunana a wannan harkar, shekara arba'in..."

Bai ƙarasa ba. Caz ya sa katin yayansa a aljihun riga ya ce duk mai so ya zo ya ƙwata. Wasu mata biyu suka nufi teburin suna neman na gidajensu. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya ran Laraba su ne suka fi zaginsa yanzu. Na tsaya ina kallo ko ɗayansu zai juyo ya ce wa Bernie ta yi haƙuri. Emil kaɗai ya taɓa hularsa a gabanta, ya fita.

Hanka ta ɗauki katinta da yatsunta, babu safa babu hantsaki, ta sa a jaka.

*

Na raka su gida.  Da muka shiga Hanka ta tsaya a gaban akwatin, ta daɗe, ina ganin leɓenta yana motsi. Na san tana so ta ba yarinyar haƙuri. Tsohuwa ce da aka raba da abu guda da take da shi, kuma ban riƙe ta a zuciya ba.

"Kwashe tarkacen nan daga kan kujera," ta ce wa Bernie. "Ki wanke hannu. Kabejin zai huce."

Bernie ta ja akwatin zuwa ɗakinta. Na bi ta in taya ta. Ta fitar da riguna biyu da kayan makaranta ta rataye. Sauran ta bar su a ninke, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado.

"Ba za ki fitar da sauran ba?" na ce. "Ai an gama. Kowa ya san ba ke ba ce."

"Saboda kiyashi ne, Malama," ta ce. "Da Caz ya share, da gobe ina bas."

 Bernie ta gane cewa gaskiyarta ba ta isa ta tsare mata gado a gidan nan ba.